Shirun Kawu Bawa a Gidan Ɗori

Asibitin sha-ka-tafi,
Ƙasar Maiyama.
5 ga Agusta.

Zuwa ga Yaya Hidaya, Aliero.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da 'yan matan da kike koya wa karatu, da sauran mutanen gida. Ya damina? Ni ma ina nan cikin alherin Ubangiji, sai dai aiki.

Na san za ki yi mamakin ganin takardata, don rabonmu da juna tun bikin Raihanatu, shekara huɗu ke nan. Amma kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, kuma don mu muna coci ku kuna masallaci bai sa jinin ya tsinke ba.

Shekaranjiya Baba ya faɗo daga tsani yana toshe yoyon rufin cocinmu na Sabon Garin Jega, ƙafarsa ta hagu ta karye a ƙwauri. Mutanen coci sun so kai shi asibiti, shi ya ce a'a, a kai shi gidan ɗori a Aliero, kada a ɗora wa kowa zaman jinya. An ce mini gidan Malam Usmanu aka kai shi, ƙanen marigayi mijinki, katanga ɗaya da ke.

Ba ni da halin zuwa. Amai da gudawa ya ɓarke a ƙauyukan nan, ni kaɗai ce ma'aikaciya, mutum goma sha ɗaya a kwance kan tabarmi, ledojin ƙarin ruwa a rataye jikin ƙusa. Waya kuwa sai na hau tudun bayan gari take kamawa. Jiya na hau na same shi, ya ce mini lafiya lau, hutu ya samu. Kin san Baba. Ko wuta ce ke cin rigarsa, sai ya tambayi na kusa da shi ko hayaƙi ya dame shi.

Shi ya sa na rubuto miki. Duk dangi an san ba kya ƙara wa magana gishiri, ba kya rage mata. Ki duba mini shi, ki rubuto abin da idonki ya gani. Munir direba yana biyowa ta nan da lodin albasa kusan kullum, ki ba shi amsa.

Ƙanwarki,
Kyauta Bawa.

Aliero.
7 ga Agusta.

Da sunan Allah nake farawa.

Zuwa ga ƙanwata Kyauta.

Sallama, da gaisuwa irin ta zumunci. Takardarki ta iso, na ji daɗinta ƙwarai. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya ɗauke muku wannan annoba, ya ba ki ladan tsayuwa a kanta.

Kawu Bawa yana nan. Ni nake kai masa kunu da safe, tuwo da la'asar, kuma yana cinyewa. Karaya ɗaya ce, fata ba ta fashe ba. Malam Usmanu ya ja ƙafar, ya daidaita ƙashin, ya jera karan dawa kewaye da ita, ya naɗe da tsumma.

Tun da ke ta asibiti ce, bari in gaya miki yadda aikin gidan nan yake. Su ba su da hoton ƙashi. Hannu ne da kunne. Malam yana ɗaurewa yana sauraron mai karaya, inda ya yi ƙara nan ya san ya matse da yawa, sai ya sassauta. Bayan kwana uku a kwance ɗaurin a duba, don ƙafa tana kumbura, a sake ɗauri. Gado ne tun kakanni, ba ya karɓar komai a kai sai godiya.

To, Kawu ko uffan bai ce ba. Malam ya ce shekara talatin yana ɗori, ya ga ƙarti masu ɗaga buhun gero suna kiran uwarsu, bai taɓa ganin irin wannan dattijo ba. Akwai wani Bafulatani, Jibrin, mai karayar hannu, tabarmarsa na kusa da ta Kawu. Ya dube shi ya ce, "Tsoho, ko dai ƙafar aro ce?"

Kawu ya ce, "Tawa ce. Ta dai san mai ita ba ya son surutu."

Tun daga nan suka zama abokan wasa. Jibrin na cewa zai musanya masa da ƙafar saniya, Kawu na cewa ya fara gyara hannunsa tukuna ya iya tatsa.

Jiya ne ranar kwance ɗaurinsa. Yanzu lokacin noma ne, mutum huɗu ko biyar Malam yake gani da safe ya wuce gona. Ana gab da zuwa kan Kawu sai aka shigo da wata mata daga Danwarai, amalanke ya take mata ƙafa, tana ta kuka. Kawu ya ce a fara da ita, shi ba inda za shi. Kafin a gama da ita rana ta ɗaga, aka bar nasa sai wani jiƙon. Na ce a raina, wannan hali ko cikin malamanmu sai an tona.

Ki kwantar da hankalinki. Wassalam.

Yayarki,
Hidaya.

Ƙasar Maiyama.
9 ga Agusta.

Yaya Hidaya,

Gaisuwa da godiya. Ina fatan kowa lafiya. Na karanta takardarki a tsaye, ina riƙe da allura, na yi dariya ni kaɗai har marasa lafiya suka dube ni.

Wannan shi ne Baba. Tun muna yara shi ne na ƙarshe a cin abinci, sai ya tabbata kwanon kowa ya cika. Shekara ashirin yana dattijon coci, bai taɓa zama a kujerar gaba ba, bencin baya yake zama kusa da ƙofa, inda feshin ruwa ke shigowa. Shi ke sharar harabar ran Asabar. In muka yi ƙorafi sai ya ce Almasihu da yake Ubangiji bai zo don a yi masa hidima ba, matsayin bawa ya ɗauka, to wane ne Bawa na Jega da zai nemi a fara da shi? Ya ce tawali'u ba sunkuyar da kai ba ne, a'a, ka ga buƙatar ɗan'uwanka kafin taka, ka matsa masa ya wuce.

Ba zan ɓoye miki ba, wannan koyarwar ce ta riƙe ni a nan. Jiya mun rasa mutum biyu, an kawo sababbi huɗu. Sau da yawa nakan ji kamar in rufe ƙofa in hau mota, sai in tuna fuskar da zai yi idan ya gan ni.

Amma akwai abin da ya tsaya mini. Kin ce ba a kwance ɗaurin ba. Don Allah ki duba mini abu uku. Yatsun ƙafar, da ɗumi ko da sanyi? Launinsu ɗaya da na ɗayar ƙafar? Yana iya motsa su? Ki taɓa da hannunki, kada ki tambaye shi.

Kyauta.

Aliero.
11 ga Agusta.

Ƙanwata Kyauta,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan waɗanda kuka rasa, ya ba na kwance lafiya.

An yi ruwa mai yawa jiya, katangar bayan gidana ta zube, amma ba wanda ya ji ciwo. Matar Danwarai ta fara zama da kanta. An sallami Jibrin, ya bar wa Kawu ƙwaryar nono.

Game da tambayoyinki, na karanta wa Kawu takardarki. Ya ce in gaya miki da sauƙi, ki tsaya kan marasa lafiyarki. Wannan saƙonsa ne, na isar da shi kamar yadda ya faɗa.

Nawa saƙon kuma, idan Allah ya ba ki sarari, ki zo ki gaishe shi. Zumunci a ƙafa yake.

Hidaya.

Ƙasar Maiyama.
14 ga Agusta.

Yaya,

Ina gaisuwa. Sai yau takardarki ta iso, ruwa ya cinye hanyar fadama, motar Munir kwana biyu ba ta shigo ba. Na gode wa Allah da sauƙin. Gaskiyarki ce, na yi sake da zumunci, ki yafe mini. An yi alkawarin turo mini mataimakiya ƙarshen wata, tana zuwa zan taho in kwana biyu wurinki. Ki ce wa Baba ya rage mini nonon.

Kyauta.

Aliero.
15 ga Agusta.

Kyauta,

Sallama. Ban ba Munir wannan ba, ɗan kabu-kabu na tura musamman. Ki karanta a zaune.

An wuce da Kawu babban asibiti a Birnin Kebbi yau da hantsi. Yana da rai, yana magana, amma jikinsa zafi rau, kuma ƙafar ta lalace. Ki bar abin da kike yi ki bi shi.

Yanzu sai in gaya miki abin da na ɓoye. Ranar da takardarki mai tambayoyi uku ta zo, na yi yadda kika ce. Kullum yana rufe ƙafar da zane, wai saboda ƙuda. Na ajiye kunu, na ɗaga zanen ba tare da na nemi izini ba. Yatsun sun kumbura, sun yi duhu kamar ɗinya. Na taɓa, sanyi kamar gindin randa. Na ce ya motsa su, bai iya ba.

Na miƙe zan kira Malam Usmanu, sai ya riƙe bakin mayafina. Ya ce in zauna. Ya ce kwana huɗun farko ta yi masa zugi kamar ana hura wuta a ciki, amma yanzu ta yi shiru, ai sauƙi ke nan. Ya ce mutumin nan kyauta yake yi masa aiki, ya bar gonarsa yana durƙusa wa baƙi, ba zai buɗe baki gaban jama'a ya ce ɗaurinsa ya yi tsanani ba. Ya ce ke kuma in kika ji za ki taso ki bar mutum goma sha wani abu a kan tabarmi, wa zai ɗaura musu ruwa? Sannan ya ce, "Ɗiyata, amana na ba ki. Na san irin tarbiyyarki, ba za ki ci ta ba."

Na karɓa, Kyauta. Tun ina yarinya gaban allo aka koya mini nauyin amana da nauyin ƙarya, sai na zauna ina neman hanyar da zan bi tsakaninsu ba tare da na taka ko ɗaya ba. Ita ce takardar da na aiko miki. Na yi zaton za ki ga ban amsa tambaya ko ɗaya ba, ki gane. Da amsarki ta zo jiya kina zancen nono, sai na san ba ki gane ba.

Sau uku ke nan yana bar wa wasu layinsa na kwance ɗauri. Duk safiya Malam yakan tsaya kansa ya tambaya ko akwai zafi, ya ce babu. A ƙa'idar gidan, ɗorin da ba ya ciwo ƙashi ne ke kamawa, ba a tayar da shi. Malam ya yarda da bakinsa, ya wuce ga masu kuka.

Yau da safe ina shiga da kunu na ji wari. Kin san warin da ke tashi idan albasa ta fara ruɓa daga ƙasan rudun da ake ajiye ta, ta sama tana nan kyakkyawa? Shi ne. Na ajiye kwanon na fita, na tare Malam a zaure da fartanya a kafaɗarsa, na gaya masa komai. Kawu yana ji ta taga, bai kira ni ba.

Da Malam ya warware tsumman, karan ya nutse cikin nama. Ba zan rubuta sauran ba, za ki gani. Ya zauna daɓas a ƙasa. Can ya ce, "Dattijo, mi ya hana ka kuka?"

Kawu ya ce, "Na ga masu kukan da yawa."

Malam ya ce, "Da kukanka nike aiki. Ka rufe mini ido, ka ce in yi ɗinki."

Shi da kansa ya nemo mota, ya ɗauki Kawu a hannu ya sa shi ciki, ya bi su. Da za su tashi na leƙa na ce Kawu ya yafe mini, na ci amanarsa. Ya ce ba komai, in kai kununsa ga matar Danwarai kada ya huce.

Kwana biyar na riƙe wannan magana. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Hidaya.

Birnin Kebbi.
25 ga Agusta.

Yaya Hidaya,

Ina gaisuwa. Na ga saƙonninki biyu ta hannun Munir, ban amsa ba don ban yarda da abin da hannuna zai rubuta ba.

An yanke ƙafar daga saman gwiwa, washegarin zuwansa. Zazzaɓin ya sauka bayan kwana huɗu. Zai rayu. Na tambayi likita ko da an kawo shi kwana biyar kafin nan da an ceci ƙafar. Ya ce wataƙila da an ceci gwiwar, bai san sauran ba.

Takardarki ta sha ɗaya ga wata tana cikin jakata, na karanta ta ya fi sau ashirin. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Kin tsare harshenki tsaf, Yaya, ƙafar ubana tana ruɓewa. Na rubuto miki ne don ke ba kya rage magana.

Amma in zan yi gaskiya, ba ke kaɗai ba ce. Na ga ba ki amsa ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, tambaya uku na yi, aka ba ni labarin katanga. Na gani sarai, na naɗe takardar, don sauƙin da aka ce shi nake so in ji.

Bari in gaya miki yadda muka yi da shi. Bayan aikin, ya ƙi yarda in yi masa wanka, ya ƙi a kawo masa tasa a gado. Wai masu jinya suna da aiki, ni kuma na gaji. Ran Laraba na fita sayo magani, ya lallaɓa zai kai kansa bayi, ya manta ƙafar ba ta nan. Na dawo na tarar da shi a ƙasa, ɗinkin ya buɗe, mutum uku suna fama ɗaga shi, yana ba su haƙuri.

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na jira aka sake ɗinke shi, na ja kujera. Na ce shekara talatin yana ba mu labarin yadda Almasihu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun mabiyansa, kuma kullum a wurin mai wankewa yake tsayawa. Na ce ya tuna akwai ɗaya a cikinsu da ya janye ƙafarsa, ya ce shi ba za a wanke masa ba, kuma ba yabo ya samu ba, tsawatawa ya samu. Na ce, "Baba, kowa ka yarda ka ɗauke shi, kai ba ka yarda kowa ya ɗauke ka ba. Mu ma muna so mu yi abin da aka umarce mu. Ka bar mana wuri."

Ya juya fuska bango, yini guda bai ci ba, bai yi magana ba. Na ce a raina na kashe shi da bakina.

Washegari da safe ya kira ni da sunan da mahaifiyata take kirana da shi. Ya ce in kawo ruwa. Na wanke shi tun daga kai, idonsa a rufe. Da na zo kusa da ɗinkin ya ce a hankali, nan da ciwo. Ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba tun da aka haife ni.

Ya ba ni saƙo biyu. Na farko ga Malam Usmanu: ya ce a roƙa masa gafara, ya ɓata wa mutum aikin hannunsa da sunan gidansu, yana zaton ladabi yake yi. Na biyu gare ki: ya ce ya ɗora miki kayan da bai kamata a ɗora wa kowa ba, don ya san ba za ki iya ajiyewa ba. Nasa ke nan. Nawa kuma, ki ba ni lokaci.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba. Da na taso, asibitinmu ya kwana biyu a rufe kafin a turo wata. A cikin kwana biyun Mairo ta rasu, wata mai goyo da na bari tana samun sauƙi, ruwa kawai take buƙata. Abin da Baba ya ji tsoro ke nan, kuma ya faru. Kullum sai ya tambaye ni ya mutanen ƙauye, in ce an turo wata. Ban san abin da zan yi da wannan ba.

Kyauta.

Aliero.
29 ga Agusta.

Da sunan Allah.

Ƙanwata Kyauta,

Sallama da gaisuwa. Ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Ke ma ya gajiya?

Abin da kika faɗa a kaina haka yake, ban da ja. Na tsaya tsaron tufafina kada su taɓa ƙasa, mutum yana nutsewa a gabana. Na ɗauka tsoron Allah ne, yanzu ina ganin har da tsoron a ce Hidaya ta yi abin da ba ta saba ba. Ina neman gafarar Allah a kai. Taki kuma ba zan matsa miki ba, ki ɗauki lokacin da kika ce.

Na kai saƙon Kawu. Tun da Malam Usmanu ya dawo daga Birnin Kebbi bai taɓa ƙashin kowa ba, ƙanensa ne ke duba na kwance. An kawo masu karaya biyu ya ce a wuce da su wani gida. A gari ana ta magana, wasu na cewa hannunsa ya mutu, ba wanda ya san yadda aka yi sai mu. Na same shi a zaure na faɗa masa kalmomin Kawu ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara kansa a ƙasa. Ya ce shi ne mai neman gafara, don ido gare shi, zane kawai zai ɗaga bai ɗaga ba, yabon jarumtar dattijo ya shagaltar da shi. Ya ce daga yau ko mutum ya rantse ba ya jin komai, ran kwana uku sai ya kwance ya gani. Jiya na ji kukan wani daga gidan, na san ya koma aiki.

Ya sari icen kirya zai sassaƙa wa Kawu sandunan dogarawa. Ya ce ki auna da igiya daga hammata zuwa ƙasa ki ba Munir. Na kuma share ɗakin marigayi mijina, babu tudu a ƙofarsa. Gidan Jega ba kowa, ke kuma aiki na jiranki. Idan an sallame shi, ki tambaye shi ko zai yarda ya zauna wurina har ya iya sanda. Mutanen cocinsa su zo duk ranar da suka so, zaure na nan.

Saura maganar Mairo. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari. Na juya ta a raina kwana uku, don ni ce na kira ki, da hannuna na rubuta ki bar abin da kike yi. Ban san yadda ake auna ƙafar Kawu da ran Mairo ba, kuma ban yi zaton an ba ɗan Adam wannan ma'aunin ba. Ba ni da fatawa a kai.

Abu ɗaya kawai na sani, shi ma da tsada na koye shi. Kin ce kullum yana tambaya kina cewa an turo wata. Gaskiya ce, an turo. Na san irin wannan gaskiyar, na san kuma yadda take kwana a ƙirjin mai ita. Kina tsare shi ne yadda ya tsare ki. Ba na ce ki faɗa masa yau ba, jikinsa bai yi ƙwari ba. Amma ba yaro ba ne, mutum ne da ya yi shekara saba'in yana ɗaukar kayan mutane, kuma wannan kayan ba naki ba ne ke kaɗai. Gobe ma zai tambaya, kin san shi. Ranar da kika ga ya iya zama da kansa, ki ja kujera, ki gaya masa sunanta.

Wassalam.

Yayarki,
Hidaya.